Kifin da ya ƙwace mini fanka

Kifi ya kore ni daga ɗakina. Su huɗu ne, babbansu bai kai babban yatsana ba.

Ɗana na fari direban tirela ne. Bazarar bara ya dawo Gwaram daga Legas da akwatin gilashi, da jarkokin ruwan gishiri, da wasu duwatsu masu ramuka kamar suri. Ya ce murjani ne, wai yana da rai. Ni murjani a wuyan mata na san shi. Ya ce a teku cikin ramukan nan kifayen suke zama, in babu su firgita ce za ta kashe su. A duk gidan ɗakina kaɗai ke da sola, don haka nan aka girke su. Ya koma hanya ya bar mini.

Ambaliya ta ci ni na fita. Maciji ya sare ni a gona a Maruta. Mota ta kife da ni a hanyar Basirka. Duk cikinsu babu wanda ya raba ni da shimfiɗata.

Batirin solar tamu ƙarami ne. Ga injin da ke hura musu iska, ga shuɗiyar fitilar dutsen, ga fankata. Da zafi ya tsananta, yaron ya bugo waya ya ce kada ruwan ya yi ɗumi, a juya fanka ta kalli akwatin. Na ce ni fa?

Ya ce, "Baba, kai ai ka saba."

Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Wani mai suyar kifi a kasuwa ya daɗe yana leƙe, ya ce tunda an riga an sa gishiri saura mai da yaji. Matata kuwa ta ce tun da ta shigo gidan nan ban taɓa tambayarta ko tana jin zafi ba, ga ni ina tsoma yatsa ina gwada ruwan kifi.

Wata rana bayan azahar abin ya ishe ni. Na juyo fankar wajena, na miƙe, na ce mai kwana ya kwana. Na yi barci mai daɗi. Da na farka, ƙaraminsu, mai launin ruwan lemo da farin zane, ya baro raminsa ya taso sama, yana buɗe baki yana rufewa. Na san wannan buɗe bakin. Haka na yi a ambaliya, ina rungume da reshen tsamiya.

Na mayar masa da fanka. Na jiƙa buhu na naɗe gilashin yadda ake yi wa randa. Na zauna ina gumi har ya koma raminsa. Ko kallona bai yi ba.

Ɗana ya ce zai ƙaro batir. Har yau yana cewa.

Kifayen huɗu suna ɗaki lafiya lau, dutsen ma ya yi sabon tsiro. Ni ina zaure, da tabarma da mafici.