Fatalwar Japan a Gidanmu na Nakkasa

Ƙaramar 'yata ta rasu tana da shekara tara, ciwon sikila. A ɗakin tsakiya na gidanmu da ke unguwar Nakkasa a Makka ta cika, kanta a cinyata, ana kiran azahar. Da la'asar aka sallace ta a Harami, maza suka wuce da ita, mu muka dawo gida, don a nan mace ba ta shiga maƙabarta. Ba a rubuta suna a kabari, sai ɗan dutse irin na kowa. Bayan wata biyu Malam, mijina, ya koma ziyara, ya dawo ya ce shi ma ya kasa tantance nata, sahun duka ya yi wa sallama. Kowa cewa yake wanda aka binne a Makka ya yi dace, kuma gaskiya ne. Amma ni ba ni da inda zan nuna in ce ga ta nan, in ba wannan ɗakin ba.

Yayarta tana da shekara sha shida a lokacin. A nan aka haife ta, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, Yumma take ce mini. Ita ta shigo mana da finafinan Japan na fatalwa, daga wajen ƙawayenta na makaranta. In ta dawo da rana, sai ta ja labule ta kunna a kwamfuta. Na yi mata faɗa.

"Yumma, wallahi ba komai a ciki. Ba rawa, ba rungume-rungume. Sun fi na Indiyan da kike leƙawa a maƙwabta tarbiyya."

"Rufe mini baki, marar kunya."

Wata rana ina gefe ina tsinke ganyen lalo, idona ya kai. Na ɗauka zan ga jini da ihu, sai na ga gida shiru, mutane suna cire takalmi a bakin ƙofa, suna cin abinci a ƙasa kamar mu. Can wata yarinya ta bayyana a lungu. Ba ta bin kowa da gudu, tsaye kawai take, hannuwa a sake, kamar wadda aka aika ta manta saƙon.

"Me take nema?" na tambaya.

"Ba abin da take nema. Gidansu ne, a nan ta mutu, ba ta iya barin wurin."

Ranar lalo bai shiga tukunya ba sai bayan la'asar.

Daga nan na zama abokiyar kallo. In ta shigo ko abaya ba ta cire ba zan ce, "Yau ba a samo sabo ba?" Ita tsoro take nema, irin na yara, a firgita a yi dariya. In abin ya taso takan ƙanƙame hannuna ta ɓoye fuska a kafaɗata, tana cewa in gaya mata in ya wuce. Ni ko ƙiftawa ba na yi. Mutanen cikin fim suna gudu daga yarinyar, ni ina jin haushinsu. Ba wanda zai tsaya ya tambaye ta ko tana jin yunwa.

Na sani sarai mamaci ba ya dawowa. Yana barzahu, tsakaninmu da shi akwai shamaki har ranar tashi. Malamar da ke karantar da mu ranar Talata, matar wani ɗalibin ilmi daga Kano, ta sha faɗa mana cewa abin da mutane ke gani su ce fatalwa ce, shaiɗan ne ke wasa da su. Ban taɓa shakka ba. Duk bayan kallo sai na yi istigfari. Amma na fara barin ƙofar ɗakin tsakiya a buɗe, kuma in ina shara ba na juya wa lungun ɗakin baya.

Ana nan sai aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti, aka rubuta izala, wato za a rushe. Ba mu kaɗai ba, duk gangaren. Maƙwabta suka fara kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya. Malam ya samo mana ɗakuna biyu a wani bene a unguwar Aziziyya, da sharaɗin in aikin Hajji ya zo mu fita mu ba alhazai wuri, in sun tafi mu dawo. Ni kuwa na shiga jan ƙafa. Yau kwali bai isa ba, gobe bayana na ciwo.

Wata safiya muna karyawa da gurasar tamis da wake, Malam ya ajiye kofinsa.

"Hajiya, layin nan saura mu da kuliyoyi. Me muke jira?"

"Ba komai, Malam. Sai an gama haɗa kaya."

"Kayan da ko mota guda ba za su cika ba? Gaya mini gaskiya."

Ban shirya faɗa ba, kawai ji na yi ya fito: "In ta zo ba ta same mu ba fa?"

Bai tambaye ni wa nake nufi ba. Ya ajiye gurasar da ke hannunsa, ya ce, "Innalillahi. Ke da kike tashina sallar asuba? Ki ji tsoron Allah, Hajiya." Ya tashi ya fita bai gama ci ba.

Babbar 'yata tana zaune, ashe ta ji komai. Ta dube ni, ta yi magana da Hausa, a hankali, kamar tana tsinto kalmomin.

"Don haka kike kallo da ni?"

Sai ta ƙara da cewa:

"Na ɗauka ni kike zama wa. Ina riƙe hannunki, Yumma. Ko sau ɗaya ba ki riƙe nawa ba."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, na kasa, don ban saba yi mata ƙarya ba.

Kwana huɗu bayan nan muka tashi. Ita ta haɗa kayan ɗakin tsakiya, ba ta bar ni na shiga ba. Ina cikin mota na ji Malam yana ja wa gidan ƙofa, ban waiwaya ba.

A Aziziyya ɗakinta na jikin namu. Ba ta yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya, tana gaishe ni, tana yi mini wanke-wanke, in na yi tari ta kawo ruwa. Na bari aka yi wata guda, sannan wata rana da ta dawo makaranta na soya mata dankalin da take so, na tsaya a bakin ƙofarta da faranti. Na ce ko za mu kalli wani abu tare, kowane iri ne, ita ta zaɓa.

"Ina da karatu, Yumma," ta ce da Larabci. Ta karɓi farantin da hannu biyu, ta yi godiya, ta tura ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.