Lanƙwasar da Madam Nkechi ta ƙi sawa

Da zafina na shiga shagon buga takardu na Madam Nkechi a Sabon Gari jiya. Wata mujallar ilimi ta fitar da maƙalata a kan mazauna unguwar, amma ta zubar da duk lanƙwasar haruffa. Takena "Baƙin Kano" ya koma "Bakin Kano". Na zazzage fushina a Facebook, abokan aikina suka danna alamar yatsa suka wuce. Madam kaɗai ta kira ni.

Ita ta buga mini kundin digirina shekarar da soja suka miƙa mulki. Na'urarta ba ta da ƙ da ɗ da ɓ a lokacin, da biro take bin su.

Sai ga maƙalar a tebur, ta buga ta a takarda, ta gyara kowane shafi da biro. Taken kaɗai ta bari.

Na ce, "Madam, kin tsallake babbar."

Ta ce, "Da gangan ne, Hajiya. A nan aka haife ni, a nan na binne uwata. Gara a ce mini bakin Kano, ai kin san ni da surutu, da a ce mini baƙuwa."

Shekara uku ina binciken, ban tambayi kowa a cikinsu sunan da yake so ba.

Yau na rubuta wa editan, na ce taken gaba ɗaya za a sake, kuma kuskuren nawa ne.

Ku da kuke rubutu a kan mutane, kun taɓa karanta musu takenku?