Takardar Da Ke Ƙofar Ɗakin Ƙarshe

Shekara goma sha tara Inna mai goge-goge ta yi tana wanke ɗakunan majinyata a hawa na biyu na asibiti. Kowa ya san shigowarta: ƙarar bokiti, sallama, sai ta zarce taga ta yaye labule. "Ku tashi ku ga rana, ciwo ba ya son haske!"

Abin da ba wanda ya sani, Inna ba ta iya karatu ba. In an miƙo mata takarda sai ta laluba aljihu. "Kash, na baro tabarau a gida. Karanta min, 'yar nan."

Wata Talata aka kwantar da wani tsohon tela a ɗakin ƙarshe, yana fama da ciwon daji a maƙogwaro. An yi masa allurar wani magani da ba ya fara aiki sai likita ya haska fitila ta musamman a daidai wurin ciwon. Sai dai maganin ya bi jiki duka, in rana ta taɓa fata sai ta ƙone. Aka ja labule, aka manna gargaɗi a ƙofa da jan rubutu.

Inna ta ga takardar, ta ɗauka jadawalin aiki ne. Tela na barci. Ta yaye labule, ta goge ƙasa, ta fita.

Kafin azahar fuskarsa ta yi jawur, ta kumbura.

Babbar nas ta tara ma'aikata, ta tasa nas ɗin safe a gaba da faɗa. Inna ta jingine tsintsiya.

"Sista, ki bar ta. Ni ce."

"Inna! Ba ki ga takardar ba?"

"Na gani."

"To me ya hana ki karantawa? Tabarau ne kuma?"

"Ba ni da tabarau. Ban taɓa shiga aji ba."

Inna ta rasa inda za ta sa idonta.

Da ta je ba tela haƙuri, daga bakin ƙofa ta durƙusa. Ya ce da dasasshiyar murya, "Baiwar Allah, maƙogwaro kawai na kawo a gasa min, kin ƙara min da fuska gyara."

Ta kasa dariya.

Ba a kore ta ba. Amma yanzu duk ƙofar da ta ga takarda, sai ta tsaya da bokitinta, kanta a ƙasa, har wani ya zo wucewa.

"Don Allah, me aka rubuta a nan?"