Mai Ƙulla Wutsiyar Igiya

Ƙarfe bakwai na safe za ka ji ƙarar sandarsa a kan tsakuwa. Kawu Prodan ke nan, ya hauro daga garin Vratsa da gorar shayi da burodin cuku, banitsa, a naɗe cikin takarda. Ba ya hawan dutsen da muke hawa da igiya. Rabonsa da hawa shekara ashirin da bakwai. Gindin dutsen yake bi, igiya bayan igiya, ya sunkuya ya lalubo wutsiyarta a cikin ciyawa, ya ƙulle, ya wuce. Ba wanda ya sa shi.

In ya ga mutum biyu da ba su san juna ba za su riƙe wa juna igiya, sai ya tsaya a kansu.

"Ya sunanka? Haɗa da na ubanka. Igiyar mita nawa ce? In kana son ya sauke ka, me za ka ce masa?"

An sha yi masa tsiya. Bara wani mai gemu daga birnin Sofiya ya ce, "Kawu, ɗan sanda ne kai ko surukina?"

"Da surukinka ne ni, ai da na ƙyale ka," in ji Kawu. Ya ƙulla, ya wuce.

Ba a yi awa guda ba, mai gemu na cikin sauke wata baƙuwa da ya haɗu da ita a tasha, igiya ta ƙare. Ƙullin nan ya zo ya cije a ƙarfen ɗamararsa. Tana reto, tsakaninta da ƙasa mita takwas. A kan idonmu aka yi. Ko da aka sauko da ita, Kawu na can gaba yana ƙulla wata.

Mun san dalili, ba ma dai faɗa a gabansa. A shekarar da ya daina hawa wani baƙo ya zo shi kaɗai, ya roƙe shi ya riƙe masa igiya. Suka yi raha, baƙo ya hau. Igiyar ta gaza da mita goma, kuma wutsiyarta ba ƙulli. Ta sulale ta tsakanin yatsun Prodan, baƙo ya faɗo. A asibiti aka tambaye shi sunan mamacin, bai sani ba. Sai a jarida ya gani: Zdravko Manchev, ya bar mata da 'ya 'yar shekara biyu.

Tun daga nan kowace bazara sai ya rubuta wa matar wasiƙa. Abu ɗaya yake jira, wani daga gidan nan ya ce masa uffan, ko da zagi ne. Shiru.

Kawu, kai ne ka ɗauki kuskuren minti ɗaya ka goya shi har gashinka ya yi fari. Kai ne wanda aka yi wa dariya da safe, aka kasa haɗa ido da shi da rana.

Yanzu sanyin ƙashi ya murɗe yatsunsa. Ya ce Asabar ɗin da ta wuce ce ranarsa ta ƙarshe a gindin dutsen. A ranar wata mata ta zo ita kaɗai, ɗaya daga cikinmu ta yarda za ta riƙe mata. Kawu ya dogaro sanda ya iso.

"Ya sunanki, 'yata?"

"Nevena."

"Haɗa da na ubanki."

"Nevena 'yar Zdravko Manchev."

Sandar ta faɗi.

"Igiyata mita saba'in ce," ta ce. "In ina son sauka zan ce sauke ni. Haka ka rubuta a yi. Mama ba ta taɓa buɗe wasiƙunka ba. Ta rasu watan jiya, na same su a akwatinta, na karance su."

Ya durƙusa ya ɗauko wutsiyar igiyarta. Sau uku yana lanƙwasa ta, sau uku tana suɓucewa.

"Sun daina jin maganata," ya ce, yana kallon yatsunsa.

Ta durƙusa kusa da shi. "Faɗa mini, ni zan ja."

Ya faɗa, ta ja, ƙulli ya zauna. Ta miƙe ta gyara hular kwanonta.

"Ban ce na yafe ba, Kawu. Ban sani ba tukuna. Amma ka tsaya nan har in sauko."

Ya tsaya. Ba sanda, ba shayi, kansa a ɗage, har ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Mun gode, Kawu Prodan. Akwai mutane a garuruwa da yawa da suka koma gida suka ci abinci da 'ya'yansu, ba su ma san sunanka ba.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai ta yi, ba mu ji sanda ba. Saura mu. In baƙo ya miƙo maka igiyarsa, ransa ya miƙo maka. Tambayi sunansa, haɗa da na ubansa. Sannan ka sunkuya ka ƙulla wutsiyar.