Babur Ɗin da Na Saya da Kunne

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina juya injin niƙa a Unguwar Tudu, kuma ina so a fara da wannan, domin masu yi da ni sukan tsallake shi. Boko na tsaya a aji huɗu, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, malamin ne ya gaza da ni. Amma kunne, Allah ya ba ni. In mutumin Getso zai sayi injin ban ruwa, ko na Kara zai sayi janareto, sai a kawo ƙofar gidana a tayar. In rufe ido, in karkata kai, in ce saya, ko in ce mayar masa da tsiyarsa. Ba na karɓar komai sai goro da girma. Tun da gwiwa ta ƙi na sayar da injin, girman nan ne kaɗai sana'ar da ta rage min.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da kunnena ba, taubashina, ɗan ƙanwar babana, bakaniken babura a Kabo. Gajere ne, yana da wani tari irin na tsohuwar akuya, wanda tun muna yara nake gane shi da shi daga bayan katanga. A wajen sunan jikata, a gaban surukaina, ya ce ƙarar inji ta daɗe da kashe min kunne, yanzu da baki nake ji. Aka yi dariya har da liman. Tun ranar ba na gaishe shi sai a wajen jana'iza.

Bara 'yata ta aiko min da babbar waya, aka saka ni a wani guruf na saye da sayarwa. Nan na ga babur, ja, roba-roba, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Mai shi ya ce yana Kabo. Na tura masa saƙon murya, na ce ni hoto ba ya ruɗa ta, ya tayar min da injin in ji.

Ya turo. Na kai wayar kunne, na rufe ido. Wallahi injin nan numfashi yake yi, ba ƙara ba. Babu kaɗawa, babu tsalle. Na kai majalisarmu ta gindin darbejiya na kunna musu sau uku, na ce, "Duk wanda ya ɗaure injin nan ya san aiki. Ba irin masu kwance babur da guduma ba." Kowa ya san da wa nake.

Mai ɗakina ta ce, "Malam, Kabo ce fa, ba Makka ba. Ka ce wa ɗan'uwanka ya leƙa maka mana."

Na ce, "In ya leƙa da me? Ido ne da shi ko kunne?"

Mai babur kuwa sai kira yake. "Baba, don girmanka na riƙe shi, wani Alhaji daga Getso yana hanya." Na je shagon masu tura kuɗi na tura masa. Ban taka Kabo ba, ban aika kowa ba, kuma na faɗa a majalisa da bakina cewa mai kunne ba sai ya gani ba.

Bayan la'asar washegari a-kori-kura ta sauke shi a gindin darbejiya, kamar yadda na tsara, don a yi min Allah ya sanya alheri a gaban jama'a. Ja ne, wannan kam ba a yi ƙarya ba. Na hau, na yi bisimilla, na buga kik. Shiru. A bugu na tara ya tashi da wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, hayaƙi ya turnuƙe har mai shayi ya rufe tukunyarsa. Ba wanda ya yi dariya. Ladabin nan nasu ya fi min zagi ciwo. Wani dattijo ya ce, "To, Malam, Allah ya tsare hanya," alhali babur ɗin ko taku uku bai yi ba.

Na kira mai shi, waya a kashe. Na duba guruf, ya fita. Direban a-kori-kurar ya ce shi a bakin titi aka loda masa.

Kwana huɗu ban fita majalisa ba. Abin da ya tsaya min a wuya ba kuɗin ba ne, sunan kunnena ne. Na tabbata ba wannan injin na ji ba, amma ina buƙatar wanda zai shaida, kuma mutum ɗaya ne ya san kowane babur a Kabo. Na sa aka loda min gawar babur ɗin, na tafi.

Taubashina ya bar ni a tsaye har ya gama ɗaure wata sarƙa, sannan ya ɗago.

"A'a, Injiniya. Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba gaisuwa na zo ba. Duba wannan."

Ko taɓa shi bai yi ba. "Na san shi. Wani baƙo ya kawo min satin jiya, na ce ya kai wa 'yan gwangwan. Kai ne ɗan gwangwan ɗin ashe?"

Na kunna masa saƙon. Ya saurara, ya karkata kai irin yadda nake yi, don wulaƙanci. Sai ya ce in ƙara murya in bar shi ya kai ƙarshe. Can a bayan ƙarar injin aka yi tari. Tarin akuya. Sannan wata murya ta ce, "Kai, kashe min babur, mai kake ƙona min."

Ya nuna wani baƙin babur a jingine a rumfarsa. "Ga wanda ka saya can. Nawa ne, ni na ɗaure shi, shi baƙon nan ya tayar ya ɗaukar maka ƙararsa. An ce ka yabi mai aikin a majalisa, na gode."

Na ce, "To ka ga kunnena bai yi ƙarya ba. Inji mai kyau na ji. Sai ka zo ka faɗa musu."

"Zan zo, bawan Allah. Duka zan faɗa."

Ya kuwa zo ranar Juma'a, da babbar riga, ya zauna a kan tabarmata. Ya shaida cewa injin da na ji lafiyayye ne, bai rage komai ba. Sannan ya ce a tambaye ni, mutumin da ya kunna saƙo sau uku bai ji tarin da ya tashi da shi shekara sittin ba, me zai ji a cikin janareto? Ya yi tarin a wurin, sau biyu, don a gwada. A wannan karon an yi dariya.

Babur ɗin yana zaure, kaji sun mayar da shi wajen kwana. Taubashina ya aiko cewa zai gyara min kyauta. Na ce a gaya masa kajin ba su yi ƙorafi ba.

Satin da ya wuce wani mutumin Getso, wanda ni na zaɓa wa ubansa inji, ya biyo ta ƙofar gidana da injin ban ruwa ɗaure a bayan babur. Ya tsaya, ya durƙusa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, har kajin ya tambaya. Bai kwance igiyar ba. Ya hau ya kama hanyar Kabo. Tun kafin ya sha kwana na ji sarƙar babur ɗinsa ta saki, ba za ta kai shi rabin hanya ba. Ban kira shi ba.