Assoumane Yaou, Direban da Ya Ƙi Cewa Na Tuba

Haihuwa da asali

An haifi Madugu Assoumane Yaou a shekarar 1929 miladiyya a garin Tanut na ƙasar Damargu, cikin Nijar. Mahaifinsa Yaou bafatake ne mai bin ayarin raƙuma zuwa Bilma sayen gishiri da dabino, mahaifiyarsa kuwa Koubra ce, 'yar wani majemi. Waɗanda suka san gidan sun tabbatar cewa taurin kan da ya shahara da shi a nono ya sha, domin Yaou mutum ne da ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba.

Karatu da sana'a

Ya yi karatun allo a gaban limamin unguwarsu har ya yi nisa, lakwal kuwa, makarantar Nasara, ko ƙofarta bai taɓa takawa ba. A 1947 ya tafi Damagaram, ya shiga garejin manyan motoci, ya sha baƙin mai da zagin iyayengiji, har ya samu permi, wato izinin tuƙi, a 1953. A hannun tsofaffin direbobin sahara ya karɓi ƙa'idar da ta zame masa kamar farilla: ba a tsallake motar da ta mutu cikin rairayi, ko ta maƙiyinka ce, sai ka tsaya ka gyara ko ka ja.

Aure da iyali

A 1955 ya auri Hindatou, 'yar Damagaram, wadda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa. A 1957 aka haifa musu ɗan fari, Lamine, sauran 'ya'ya suka biyo baya.

Ƙaura zuwa Sabha

Da arzikin man fetur ya ɓarke a Libiya, Assoumane ya ƙaura zuwa Sabha a 1964, ya kama gida a unguwar Gurda, sannan ya ɗauko iyalinsa a 1968. Ya samu aiki a wata sharika, wato kamfanin sufuri, mai ɗauko siminti da ƙarafa da injinan ban ruwa daga tashar jiragen ruwa ta Tarabulus, ta sauke wasu a yankin Fezzan inda Sabha take, ta tsallaka iyaka da wasu zuwa Agadas, ta dawo da fatu da ƙiraga don majemun bakin teku. Saboda sanin hanya da rashin wasa da amana aka naɗa shi madugun ayarin motocin kudu a 1970. Ba za a ce mutum ne mai daɗin zama ba, Allah na gani, faɗa gare shi kamar zakara. Amma a zamanin madugancinsa ba a bar ko mutum ɗaya a baya ba.

Al'amarin Tummo

A 1976 aka kawo sabon mudir, wato shugaban sharikar, wanda bai taɓa wuce garin Ghuddwa da ke kusa da Sabha ya nausa kudu ba. Shi ne ya rushe tafiyar ayari, ya umarta kowace mota ta tafi da kanta, kuma kada direba ya kuskura ya tsaya wa motar da ba ta sharika ba, wai ɓata lokaci ne.

A bazarar wannan shekara, kudu da rijiyar Tummo, Assoumane yana ɗauke da siminti ya tarar da motar wani Younoussa, direba mai zaman kansa wanda suka daɗe ba sa ga maciji. Injinta ya mutu murus, a kanta ga leburori masu komawa gida Nijar, ruwansu ya ƙare har sun fara shan na lagireto. Motocin sharika biyu sun riga sun wuce su saboda bin umarni. Da ya ga ba zai iya jan mota da lodi cikin rairayi mai laushi ba, ya sa aka sauke simintin baki ɗaya a nan, ya ɗaura igiyar ƙarfe, ya ja su har zangon Madama cikin Nijar, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ko da aka koma ɗaukar kayan, rairayi ya binne wasu, masu wucewa sun yi gaba da saura.

Taƙaddama

Mudir ya tara direbobi a harabar sharika, ya karɓe mukullin Assoumane da permi ɗinsa, ya ce zai mayar masa da su nan take idan ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, ya tuba. Abin da aka nema ke nan kawai, ko biyan siminti ba a ambata ba. Jawabin marigayin har yau tsofaffin Gurda na maimaita shi:

"Ya Mudir, tuba ga Allah ake yi, kuma a kan zunubi. In na ce kuskure ne, gobe yaran nan za su wuce mutane suna kallo, su ce ai Madugu ma ya tuba. Wallahi ko gobe na tarar da su, sai na sake zubar maka da siminti!"

Aka kore shi, aka kuma sanar da sauran masu sufuri, babu wanda ya sake ba shi sitiyari. Amininsa Abdallah, Balaraben Sabha, ya yi ta kai gwauro yana kai mari a kan maganar, yana cewa, "Ya Assoumane, kalma ce fa, baki kawai za ka motsa." Shi kuwa ya ƙeƙasa ƙasa, ko gezau.

Shekarun faci

Daga 1977 ya kafa rumfar facin taya a bakin hanyar kudu. Mutumin da ya jagoranci ayari ya koma durƙuso a gindin motocin yaran da ya koya wa tuƙi, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai, duk motar da ta tashi sai ya bi ta da ido har ta ɓace. Tukunyar gida ta yi sanyi, Hindatou ta shiga sayar da ƙosai ga leburori. Ta taɓa ce masa, "Malam, girman kai ba ya cika tukunya." Ya ce ya sani, ya ɗauki gudumarsa ya fita.

A 1980 Lamine, wanda ya gaji da ganin mahaifiyarsa a bakin kasko, ya je wurin mudir ba da sanin uban ba, ya miƙe a gaban direbobi ya ce mahaifinsa ne ya aiko shi ya tuba a madadinsa. Aka ba Lamine mota, gida ya farfaɗo. Da labari ya iske Assoumane, ya taka da ƙafarsa har harabar sharika, ya ɗaga murya ya ce shi bai aiki kowa ba, kuma bai tuba ba. Bai kori ɗansa ba, bai kuma yi masa baki ba, sai dai bai ƙara cin abin da aka saya da albashinsa ba, bai taɓa shiga motarsa ba. Lamine ya yi kuka, ya kama ƙafa, ya ce, "Baba, saboda Inna na yi." Tsohon ya ce, "Na yafe maka ƙaryar, amma ba zan ci ta ba."

Rasuwa

Madugu Assoumane ya kwanta ciwon ƙirji a ƙarshen 1981, ya rasu a gidansa na Gurda ranar wata Alhamis cikin watan Maris na 1982, yana da shekara hamsin da uku, bai sake riƙe sitiyari ba. Wasiyyarsa guda ce: kada a ɗora gawarsa a motar sharika. Mudir ya aiko da mota don kai shi maƙabarta, kasancewar akwai nisa, Hindatou da kanta ta fito ƙofar gida ta ce a mayar. Aka yi masa sallah bayan azahar, direbobi da leburori suka ɗauke shi a kafaɗa, Younoussa yana cikinsu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi nan.

Ya bar matarsa Hindatou da 'ya'ya biyar: Saoudé da Fassouma, waɗanda ke aure a Agadas, Barka, makaniki a Tamanhint, Zuliha, auta, sai babbansu Lamine, wanda ya sa kafaɗa a makarar tun daga ƙofar gida, mutane suna ta miƙo hannu su karɓe shi kamar yadda aka saba, ya ƙi sakin ta har bakin kabari.