Murhun da Ya Ƙi Hucewa

Ranar da aka kawo Morag Tulloch gidan gonar nan na bayan garin Otautau tana amarya, surukarta ba ta fara nuna mata ɗakin kwana ba. Kicin ta ja ta, ta tsayar da ita gaban wani ƙaton murhun ƙarfe baƙi ƙirin, ta ce, "Wannan ba a barin sa ya mutu." Surukar ta rasu, mijinta Fergus ya bi bayanta, gashin Morag ya yi fari fat, murhu yana nan yana ci.

Shi ke dafa abinci, shi ke ɗumama gida, tankin da ke manne a bayansa kuma shi ke ba da ruwan wanka. Amma a wurin Morag babban aikinsa yana can ƙasa, a wani ɗan tanderu da ba ya gasa komai, ɗumi kawai yake riƙewa. Lokacin haihuwar tumaki, idan iskar kudu ta taso da ruwa da ƙanƙara, ɗan rago kan faɗo ya sandare tun uwar ba ta gama lashe shi ba. Sai a kawo wa Morag. Ta goge shi da tsohon buhu, ta shimfiɗa tsumma a tanderun, ta kwantar da shi, ta bar ƙofar a buɗe. Kafin shayin da ta zuba ya huce sai ka ji kukansa. Kowa a yankin yana yin haka, amma hannunta daban ne, kuma ta san da hakan, ba ta kuma ɓoyewa.

To, bana ana shiga watan Satumba, daidai lokacin haihuwar tumaki, murhu ya fara tsaki. Ruwa ne ke ɗiga daga tankin yana faɗawa kan garwashi, ga kuma wata tsaga siririya a jikin ƙarfen.

Ɗanta Callum, wanda ke riƙe da gonar yanzu, yana zaune da iyalinsa a sabon gida can ƙasan hanya. Ya zo ya duba, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Mama, wannan abin ya gama yayinsa. A saka miki na'urar ɗumi ta lantarki irin tamu. Ki danna rimot kina zaune, ba faskare, ba kwasar toka. In ba ki son ta, akwai ƙaramin murhun itace na zamani mai ƙofar gilashi."

"Mai gilashin yana da tanderu a ƙasa?"

"A'a."

"Ta lantarkin fa?"

"Haba Mama, a sama ake kafa ta."

"To sha shayinka ka tafi, tumaki na jiranka."

Mutum ɗaya ya rage a duk yankin mai gyara irin wannan murhu, wani dattijo mai suna Tipene, daga birnin Invercargill yake zuwa. Aka kira shi ya zo, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya faɗi kuɗin gyara. Callum ya yi fito, don kaɗan ya rage ya kai na sabuwar na'ura. Morag ko gezau.

Tipene ya ce, "Zai gyaru, Misis Tulloch. Amma sai ya huce sarai, kwana biyu ba wuta, don sai na kwance bayansa na sa hannu a ciki. Kafin nan kada ki cika masa itace. Tsagar nan tafiya take yi."

Morag ta bar wutar ta mutu, abin da ba ta taɓa yi ba. Gidan ya koma kamar cikin firji. Ta saka tsohon kwat ɗin Fergus, tana yawo tana masifa ita kaɗai, tana dafa shayi a wata 'yar butar lantarki da ta tsana. Da safiyar ranar da Tipene zai zo sai ga Callum ya banko ƙofa, ruwa na zuba daga hularsa, ɗan rago a kowace hammata.

"Mama, 'yan biyu ne, uwar ta ƙi su. Yi wani abu!"

Ta dube su, ta dubi murhu. Ba ta ma san lokacin da ashana ta shigo hannunta ba.

Tipene ya iso da akwatin kayan aikinsa, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ya fizge. Ya sunkuya, 'yan raguna biyu suka zuba masa ido daga cikin tanderu.

"Misis Tulloch, na ce kwana biyu."

"Na ji. Ka faɗa wa waɗannan."

"Akwai fitilar ɗumi a shagon kayan gona, ki rataya musu a rumfa. Ko a kai su gidan Callum."

"Fitila! Zafin da ke zuwa daga sama bayan dabba kawai yake taɓawa, ba ya shiga ƙashi. Ka yi gyaranka, ka bar mini nawa."

"Ai gyaran nawa ne kika hana."

Ya sha shayi, ya ci biredi da man shanu, ya koma da kayansa. Kuɗin hanya kuwa sai da aka biya shi.

Karo na biyu ma haka. Ta kashe wuta, ta sha sanyi har haƙoranta suna haɗuwa, ana gobe Tipene zai zo ita da kanta ta tsinto wani ɗan rago a gindin shinge. Wannan karon Tipene ko sauka daga mota bai yi ba. Hayaƙin da ya hango a saman rufi ya ishe shi, ya juya kan motarsa. Callum ya zo yana kumfar baki.

"Kina ta biyan mutum kuɗin yawo! Don Allah Mama, ɗan rago ɗaya nawa yake?"

"Au, yanzu kuma nawa yake? Kai ne mai cewa a fitar da murhu, kai ne kuma mai kwaso mini su kana 'Mama yi wani abu'. Me ya hana ka kai su ƙarƙashin rimot ɗinka?"

Ya juya ya fita, don ya san matarsa ba za ta yarda da kashin rago a kan kafet ba.

Aka tsayar da rana ta uku, Morag ta rantse ko me za a kawo mata ba za ta kunna ba. Sai ga iskar kudu irin wadda ba a ga kamarta ba a shekarun nan. Callum ya riƙa jido 'yan raguna a bayan mota, wasu ko motsi ba sa yi. Rantsuwa ta bi iska. Ta kunna murhu, kuma da yake ƙarfen ya yi sanyi ƙalau ga raguna na mutuwa a gabanta, ba ta tsaya bin sa a hankali ba. Ta danna masa itace har baki, ta buɗe masa iska.

Ƙarar ta yi kamar an harba bindiga. Tanki ya fashe, ruwa ya kwararo kan wuta, tururi da toka suka turnuƙe kicin. Ta kwashe ragunan a cikin siket ɗinta ta fita tana tari.

Tipene ya zo washegari, ya daɗe tsugune da tocila. Murhu dai ya huce yadda yake so.

"Da kin ba ni kwana biyun nan, da ya kai jikokinki. Yanzu tsagar ta ratsa shi gida biyu. Ba ni ba, ba wani ba, ba mai iya gyara shi."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta da wanda za ta zaga. Ta gwada Callum, ta gwada Tipene, ta gwada iska, duk maganar sai ta dawo kanta.

Ƙarti huɗu suka fitar da shi gunduwa-gunduwa. Aka shimfiɗa sabuwar leda a wurin, aka kafa farar na'ura can kusa da silin. Gaskiya gidan ya yi ɗumi, har ɗakin kwanan da bai taɓa yi ba. Maƙwabta suna ta yi mata murna, tana amsawa da ƙyar.

Ƙarshen lokacin haihuwar tumaki, wata tunkiya mai jinkiri ta haihu cikin ruwan sama, Callum ya shigo da ɗan. Morag ta karɓa, ta goge shi da buhu, ta juya ta sunkuya, hannunta ya miƙa zai buɗe ƙofar tanderu. Ya taɓa bango.

Ta daɗe a sunkuye. Callum ya ɗauki rimot yana ta dannawa, na'ura tana hura ɗuminta can sama da kawunansu. Morag ta tura ɗan ragon cikin rigar ulunta, ta zauna a kujera ta rungume shi, ta ce a zuba mata shayi. Shayin ya huce, ba ta ji kukan komai ba.

Ta fito da ɗan ragon a mace ta miƙa wa ɗanta, ba ta dube shi ba.

"Ka je ka sayo fitilar nan ka rataya a rumfa," in ji ta. "Kada ka ƙara kawo mini su."